Dogon Banza na Baba

Ranar sadakar uku ta Baba na gane ashe ta'aziyyar mutanen garinmu jela gare ta. Mace za ta shigo ta durƙusa gaban Inna, ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Alhaji, mutumin kirki, ba ruwansa da abin wani." Sai ta gyara mayafi, ta sauke murya ta ce, "Allah ya yafe masa ginin nan." Ta farko na haɗiye, ta biyu ma na haɗiye. Kafin azahar na ji ta fi a ƙirga, ga kuma maza a kan tabarmi ta bayan katanga suna tasu. Wani da na san muryarsa sarai, wanda ya sha cin tuwon gidanmu, ya ce, "To, yanzu dai Dogon Banza ya zama maraya, sai mu ga wa zai riƙe shi." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, sannan wani ya ja salati don a rufe.

Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, ta tofar da goron bakinta a kasko, ta ɗaga murya yadda na waje za su ji.

"Wanda ya zo gaisuwa ya yi gaisuwa. Wanda ya zo rabon gado ya jira a kira shi."

Inna ta ci gaba da jan carbinta, ba ta ko ɗaga kai ba.

A ranar na ƙudura sai na rubuta wannan. Baba ba waliyyi ba ne, da ma ya ji na ce haka da ya jefe ni da takalmi. Amma na ga ana shirin a maida shi tsohon da ya ruɗe ya gina shirme, a gama da shi a haka, a kuma rushe abin da ya bari. Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba.

Ga wanda bai san wurin ba, in ka fito Bakori ka nufi Malumfashi, akwai wata hasumiya ta ƙasa a hannunka na hagu, tsaye ita kaɗai a cikin gona, ta ɗara bishiyoyin mangwaron da ke kusa da ita tsawo. Ba ta jikin masallaci. Ba a zuba hatsi a cikinta, ba mai kwana a ciki. Matakala ce kawai ta lanƙwashe ta hau, sai taga guda a can sama tana kallon yamma. Yaran gari suka sa mata Dogon Banza, sunan ya bi ta har fasinja yana ce wa direba, "A sauke ni Dogon Banza." Baba da ya ji bai yi fushi ba. Cewa ya yi, "Gara banzan da aka sani da mai amfanin da aka manta."

Mu ba 'yan nan ba ne asali. A Unguwar Ɗorawa aka haife mu, wani ɗan ƙauye can yamma wajen bakin daji. Can Baba ya yi noman audugarsa lokacin da auduga take auduga, ya je Makka da ita, ya sayi wannan gona ta bakin titi da ita ba don yana nufin zama ba. Mutum ne gajere, mai faɗin kafaɗa, mai ƙarancin magana da yawan gardama. Bai taɓa shiga gona da takalmi ba, wai rashin kunya ne. In an kawo masa labari sai ya ce, "Ka gani, ko an ce?" In ka ce an ce, ya juya maka ƙeya. Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma ni kaɗai ce a 'ya'yansa nake mayar masa da magana in kwana lafiya.

Ba zan tsaya ba da labarin yadda ɓarayin daji suka tashi garin ba. Duk wanda ke yankin nan ya san irinsa, wanda bai sani ba Allah kar ya nuna masa. Mutane suka watse, wasu Funtua, wasu Musawa, wasu har Zariya. Baba ne na ƙarshen fita, shi ma sai da Yaya, babban wanmu, ya ɗora shi a babur kusan da ƙarfi. Ya zo nan ya yi wata da watanni yana zaune a zaure kamar baƙo, ko gonar bai leƙa ba.

Abin da ya tashe shi wata 'yar magana ce. Wani ma'aikaci ya zo yana tambayar 'yan gudun hijira inda suka fito, Baba ya ce Unguwar Ɗorawa. Mutumin ya ce bai taɓa jin wannan gari ba, ko dai wani suna gare shi? Wani saurayi a gefe ya ce ai ba gari ba ne, 'yan bukkoki ne. Washegari da hantsi Baba ya ɗaura wa shanunsa biyu amalanke, ya loda tsofaffin buhunan taki da diga.

Inna ta tare ƙofa. "Alhaji, ina za ka?"

"Gida."

"Wane gidan? Mutane na gudowa da ransu, kai za ka kai musu naka har da shanu?"

"Ƙasa zan ɗebo."

"Ƙasa! Duk ƙasar da ke nan ba ta ishe ka ba? Takaba kake so in yi a kan ƙasa?"

Ya ce, "Matsa, rana na yi."

Ta matsa, tana kuka tana yi masa addu'a tana kuma zaginsa a ciki ɗaya. Duk ranin nan haka ya yi ta kai da kawowa. Gida-gida yake bi a kufan, ya sari jikin bangon da ya faɗi, ya cika buhu, ya ɗaure bakinsa da tsumma mai launi dabam don kar ya haɗa na wani da na wani. Ba gidan da ya tsallake, har na mahauci, har bukkar tsohuwar Bafulatanar da ke kawo mana nono, wadda ba ta da bango sai ya kankaro daɓen ƙasa. Sau ɗaya ya dawo da ƙafa, babu ɗaya daga cikin shanun, fuskarsa a kumbure. Ba wanda ya taɓa jin abin da ya faru daga bakinsa. Bayan sati ya ari jaki ya koma.

Baba manomi ne, bai iya gini ba. Maginin ƙauyenmu kuwa shi ne babban abokin gabarsa a duniya. Gonakinsu ne suka haɗa iyaka, wata tsamiya ta tsiro a tsakani, suka yi ta shari'a a kanta tun ban yi wayo ba har na yi aure. Ko a sahun salla ba sa tsayawa kusa. Baba ya ji labari mutumin yana Funtua, tsofai-tsofai da shi yana dako a tasha, yana kwana a barandar shago. Ya shiga mota ya je. Ƙanena da ya raka shi ya ce ko sallama ba su yi wa juna ba.

Baba ya ce, "Na ɗebo ƙasar gidanka."

Magini ya ce, "Ɓarawo. Tsamiyar ba ta ishe ka ba?"

"Gini zan yi da ita. Zo ka nuna mini inda za a sa taka, kar ta taɓa tawa."

"Kai za ka yi gini? Ko akurki ba za ka iya ba."

"To zo ka hana ni ɓata ta."

Ya tattara tabarmarsa da butarsa ya biyo su. Baba ya ba shi ɗaki a zaure, ya yankar masa gona, ya aika aka ɗauko iyalinsa daga inda suka raɓe. Bai taɓa kiran wannan taimako ba, kuma da wani ya kira shi haka da su biyun sun haɗu sun ci masa mutunci. Da gardama aka buga tubali, da gardama aka ɗora azara. Magini yana sama yana cewa a miƙo, Baba yana ƙasa yana cewa ya karkace. Ƙasar kufai ba za ta isa hasumiya ba, don haka kowane buhu cakuɗa shi aka yi da ƙasar nan, aka yi layi guda da shi, gida bisa gida. Da Magini ya rasu shekara biyu kafin Baba, Baba ya dawo daga maƙabarta ya zauna ya ƙi cin abinci. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri." Ya ce, "Don dai ya riga ni ne, Uwata. Komai sai ya ci ni." Ya juya fuska bango.

Rigimar da ta fi kowace ita ce ta Liman. Matan ƙauyenmu sun fara zuwa daga inda suka watsu, su tambayi layin gidansu, su dafa bango su yi kuka. Wata la'asar Liman ya zo da mutum biyu ya sami Baba a gindin ginin.

"Alhaji, na zo ne a kan abin nan. Hasumiya ba masallaci, tagarta ta juya wa alƙibla baya, mata na shafa bango suna kuka. Yau kuka ne, gobe wani zai yanka kaza."

"Malam, akwai gawa a ƙarƙashi?"

"Babu."

"Na ce wa wani ya roƙi wani abu a nan?"

"Ba ka ce ba. Amma ɓarna da kaɗan take farawa."

"To ranar da ka ga gashin kaza a nan, ka kawo gatari, ni zan fara sara."

"Ƙarfin da ka zuba a nan, da rijiya ka haƙa da ladanka na gudana."

"Na haƙa rijiya, Malam. Tana Unguwar Ɗorawa. Je ka sha."

Wannan ta ƙarshe ba ta yi kyau ba, na kuma faɗa masa. Suka daɗe ba sa gaisawa, amma kullum Baba na sahun farko a bayansa. Kuma maganar Liman ta shige shi fiye da yadda ya nuna. Ranar da ya kama wata baiwar Allah tana ɓantarar ƙasar bangon za ta jiƙa wa ɗanta marar lafiya, ya yi mata korar da har yau in na tuna nake jin kunya. Mace na kuka, yana daka mata tsawa, wai ba boka ba ne shi. Daga baya ya sa Yaya ya kai yaron asibiti, amma matar ba ta sake taka gidanmu ba. Haka yake, alherinsa na zuwa ne a bayan zafinsa, wani lokaci har ya makara. Liman ɗin nan shi ya sallaci gawar Baba, kuma waɗanda suka tsaya kusa sun ce da ƙyar kabbarar ƙarshe ta fito.

Ni ma ina cikin masu dariya da farko, in faɗi gaskiya, dariyar 'ya da uba. Ranar da ya fara hawa da ni, ina haki ina dafa bango, ya tura ni gaban tagar ya ce in duba. Na duba. Gonakin masara da dawa har iya ganin ido, sai wani dutse can nesa, shuɗi-shuɗi.

"Baba, ni fa ban ga komai ba."

"Dutsen nan fa?"

"Na ga dutse. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, to ga shi na hau har hasumiya."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ke da aka binne cibiyarki a gindin dutsen nan ba ki ga komai ba. To 'ya'yanki fa?" Ya fara nuna mini da yatsa, can rijiya take, can makera, can gidanku. Ba abin da ake gani sai dutsen, amma yana faɗa ina ganin hanyar da nake bi in ɗebo ruwa. Na sauko ina share ido da bakin mayafi, ya bi ni da, "A hankali, kar ki rushe mini matakala da nauyinki."

Ginin ƙasa ba ya zama da kansa. Duk bazara kafin ruwa ya sauka sai an yi masa yaɓe, a kwaɓa ƙasa da ciyawa, a jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a shafe bango da ruwanta don kar damina ta cinye shi. In an tsallake shekara guda sai ya fara zaizayewa, in an tsallake biyu sai dai a yi sallama da shi. Babban ɗana da ke jami'a ya taɓa nuna masa hotuna a waya.

"Tsoho, ashe kana da 'yan'uwa. Ka ga Turawan Ingila masu manyan gonaki, su ma sun gina irin naka tun zamanin da. Wani don tunawa da yaƙi, wani don mamacinsa, kuma ba a yin komai a ciki."

Baba ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa ya daɗe yana kallo. "Da me suka gina?"

"Da dutse."

"To ba su so wahala ba. Wanda ya gina da dutse ya bar wa dutse tunawar, shi ya tafi harkarsa. Na ƙasa kuwa duk shekara sai ka dawo ka sa hannunka."

Bazararsa ta ƙarshe ƙafafunsa sun kumbura, a kujera aka ɗauke shi aka kai shi gindin ginin, yana nuna wa masu yaɓe da sanda yana ce musu ragwaye. Bayan an gama girbin masara ya kwanta. Ya cika wata Alhamis da hantsi, a ɗakinsa, Inna na riƙe da hannunsa. Bai bar wasiyya a kan hasumiyar ba. Na san dalili, bai iya roƙo ba, ko a wurin 'ya'yansa.

Da aka zauna rabon gado, Yaya ya fito da abin da ke ransa. Ba mugu ba ne Yaya, shi ke ɗauke da cin gidan nan kaf, da marayun Magini a ciki. Ya ce tarakta ba ta iya juyawa a gefen nan saboda ginin. Ya ce 'yan sintiri sun yi ƙorafi, wai alama ce da ɓarayin daji za su iya hangowa daga nesa. Sannan ya kawo wadda ta tsaya mini a wuya. Ya ce kowa ya san ƙasar tsohon bango taki ce, ga tsadar takin zamani, in aka rushe aka baza ta a gona masarar bana sai ta ba da mamaki.

Na ce, "Yaya, gidan mahauci za ka zuba wa masara? Da ɗakin da aka haife ka?"

"Ƙasa ce, ke. Ƙasa ce kawai. Baba ya tafi, garin ya tafi, mu da muke raye mu ci abinci."

Na juya wurin malamin da ke rabon. "Malam, a yanka mini wurin a rabona."

Ya gyara tabarau ya ce, "Hajiya, ki yi tunani. Gefen nan tsakuwa ne, fako ne, in aka ba ki shi kin tashi a tutar babu. Ba za a zalunce ki da sanina ba."

"Ba zalunci ba ne in ni na zaɓa. Kowa ya shaida."

Aka shaida. Yaya ya kaɗe rigarsa ya miƙe, ya ce, "Ba sai na taɓa shi ba. Ruwan Agusta zai yi mini aikin." Maigidana da na koma Malumfashi na faɗa masa, ya dube ni ya ce na ɗauko Dala ba gammo, sannan ya tambaya ko nawa ake sayar da makuba yanzu.

Da bazara ta kama na shiga neman magini. Samarin yanzu bulo da siminti suka sani. Ɗaya ya ce ya shafe mini shi da siminti in huta, na ce ya tafi, ko ni na san siminti ba ya zama a jikin ƙasa, ɓallewa yake ya tafi da bangon. Da ƙyar na sami wani dattijo daga wajen Tsiga, ya ce zai hau ya yi yaɓen da ɗansa, amma gwiwarsa ba ta kwaɓa ƙasa, in nemo masu kwaɓi. Lokacin sharar gona ne, kowa na tasa. Waɗanda na tambaya, wasu suka ce suna jin nauyin Yaya, wasu suka yi mini dariya a fuska. Hadari kuwa ya fara haɗowa ta gabas kowace yamma yana watsewa.

Ran nan da safe na cire takalmi, na ɗaure zani tamau, na shiga ramin da kaina. Gwaggo na zaune a kan turmi tana dama makuba a tukunya, tana zagin duk wanda ya tsaya kallo. An tsaya kam. Motoci na rage gudu, masu babur na nuna ni da baki, mace mai jikoki cikin laka har ƙwauri a bakin titi. Ƙafata ta yi ta zafi, bayana kamar zai ɓalle, ina taka ƙasa ina kuka, ba na ma sanin na gajiya ne ko na kewar Baba.

Wajen azahar Yaya ya tsaya da babur ɗinsa. Ya sauko ya zo har bakin ramin, ya dube ni, ya ɗaga kai ya dubi dattijon da ke can sama yana shafa bango.

"Ke ba ki jin kunya? Duk gari na maganarki."

"Da ma suna yi."

"To, bana kin yi. Baɗi fa? Baɗin baɗaɗa fa? Shekara nawa za ki iya wannan?"

Na share zufa da gefen hannu. "Ka zo baɗi ka tambaye ni. Yanzu matsa, ka taka mini ciyawa."

Ya dubi ƙafarsa, ya matsa.

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya masa makwanci, ya haɗa shi da mutanen Unguwar Ɗorawa a gidan da ba a tashin kowa. Ni kuma Allah ya bar mini ƙafafuna zuwa baɗi.